Ku tambayi Anti Nas: wasiƙun damina kan zazzaɓin cizon sauro

Assalamu alaikum, masu karatu. Tun da ruwa ya zauna, saƙonnin da ake miƙo min kusan duk na zazzaɓi ne. Ban yi mamaki ba. Na yi shekara ashirin da 'yan kai a ɗakin yara, na san abin da Agusta da Satumba ke zuwa da shi: yara biyu a gado ɗaya, iyaye mata zube kan tabarmi a baranda, kowacce na yi wa nata fifita da murfin kwano. Wanda bai ga tasa wasiƙar ba ya yi haƙuri, wataƙila amsarsa na cikin ta wani.

Anti Nas, barka da aiki. An yi wa ɗana allurar rigakafin maleriya sau uku. Uwar mijina ta ce tunda an yi masa, a kwance gidan sauron nan da ke hana mu shan iska. Shi kuma maigidan tun farko bai so allurar ba, wai me ya sa sai yanzu aka tuna da mu. Yaya zan yi? Daga maman yaro ɗaya, Birnin Kebbi.

'Yata, ki gaishe min da Hajiya, ki ce na roƙe ta arziki a bar gidan sauron nan inda yake. Wannan allura ba irin ta ƙyanda ba ce, wadda in an yi ta an kusa rufe magana. Wadda ake yi a Najeriya sunanta R21. Masana a Jami'ar Oxford ta Ingila suka haɗa ta, wani babban kamfanin alluran rigakafi na Indiya ke sarrafa ta. A gwajin da aka yi, ta rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin ɗari a shekarar farko, a wuraren da zazzaɓi ke zuwa da damina irin namu, in an yi ta gab da faɗuwar ruwa. Abin a yaba ne ƙwarai. Amma ki lura, saura kashi 25, kuma ƙarfinta na raguwa a hankali. Shi ya sa akwai ta huɗu, in yaro ya kai wata goma sha biyar. Ita wannan ta huɗun ita iyaye suka fi mantawa, don lokacin yaro ya fara tafiya, uwa ta ɗauka an gama da kati. Ki ajiye katin inda tururuwa da yara ba za su kai gare shi ba.

Shi kuwa maigida, ba zan ce ya yi wauta ba. Duk wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da aka gwada wani magani a kan yara har magana ta kai kotu, yana da dalilin yin tambaya. Sai dai ki faɗa masa ba yau aka fara ba. Ta farkon, wadda ake kira RTS,S, tun shekarun 1980 ake fama da ita. Abin da ya ja lokaci shi ne halin ƙwayar cutar: in sauro ya zuba ta, sai ta wuce hanta ta ɓuya ta hayayyafa, sannan ta fito ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, kuma a kowane zango kamanninta daban. Daga 2019 aka yi wa yara kusan miliyan biyu a Ghana da Kenya da Malawi, aka ga mace-macen yaran da suka isa a yi musu sun ragu da kashi 13 cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2021, ta amince da R21 a 2023. Kamaru ta sa ta cikin rigakafin yau da kullum a Janairun 2024, Nijar ta bi a shekarar, Najeriya ta fara a Disamba da jihohin Kebbi da Bayelsa.

In ya ce me ya sa Kebbi, to ga dalili. A binciken ƙasa na 2021, kusan rabin ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi an sami ƙwayar a jininsu, alhali a Legas ba su kai uku cikin ɗari ba. Inda gobara ta fi ci nan ake fara kai ruwa.

Malama, ni ɗan kasuwa ne a Kwari. Kusan duk wata biyu sai jikina ya yi tsami, ga ciwon kai, ga kasala. In na je kemis sai a ce maleriya da taifot ne, a yi min allura uku a haɗa min ƙwayoyi. Sai na ji sauƙi, ba a jima ba ya dawo. Wane magani ne mai ƙarfi da zai raba ni da ita? Daga wani magidanci, Kano.

Alhaji, wasiƙarka na karanta sau biyu ina neman inda ka ce an ɗebi jininka, ban gani ba. To wa ya ce maleriya ce? Mai kemis ɗin ido ya zuba maka ya gane?

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani. Gwajin nan na ɗan tsinke, wanda ake tsaga yatsa a ɗiga jini, minti goma sha biyar zuwa ashirin ne. Layi biyu akwai, layi ɗaya babu. Ban taɓa ganin abin da ya fi ba mutanenmu haushi kamar a ce musu babu ba. Mutum zai ɓata rai kamar an hana shi gado, ya fita ya tsallaka titi ya sayi maganin da kansa. Alhali "babu" ɗin nan ita ce ke cewa a duba wani wuri: hawan jini, ciwon suga, ciwon haƙori, fitsari, ko kuma gajiya tsagwaronta ta mutumin da ke tsaye a rumfa daga safe zuwa magariba ba ya barcin kirki.

Shi kuma wannan aure da aka ɗaura tsakanin maleriya da taifot, ni dai ban halarci ɗaurinsa ba. Gwajin da aka saba yi na taifot, wato Widal, yakan nuna akwai ko a jikin mai lafiya, musamman a ƙasar da kusan kowa ya taɓa haɗuwa da dangin ƙwayar. Taifot na gaskiya ciwo ne mai kwantar da mutum, ba ya zuwa ya tafi duk wata biyu kamar mai karɓar haya.

In an gwada an ga maleriyar ce, maganinta ƙwayoyi ne, ba allura ba. Allura ta wanda ya galabaita ce, wanda ke amai ba ya riƙe komai ko ya fita hayyacinsa. Haɗin nan da aka fi sani da Coartem, sau shida ake shan sa cikin kwana uku: na farko, na biyu bayan awa takwas, sai safe da dare kwana biyu. A sha shi da abu mai maiƙo, madara ko ƙosai ko 'yar gyaɗa, don sai da maiƙo ɗaya daga cikin sinadaran ke shiga jini sosai. Ka duba lambar NAFDAC, ka kankare wurin da ake kankarewa ka tura lambar ta waya, don jabu ya yi yawa.

Sannan ka shanye. Na san halinku maza: ranar farko a sha, rana ta biyu jiki ya saki, sai a jefa sauran cikin aljihun mota. Waɗanda suka manyanta za su tuna kulorokwin, mai ɗacin nan da ke sa mutum susa dare guda kamar ya faɗa cikin ƙaiƙayi. Ga araha ga aiki, amma a hankali ƙwayar ta saba da shi har ya zama kamar an sha alli, Najeriya ta ajiye shi a 2005. Wannan da muke taƙama da shi yanzu ma ya fara samun tasgaro. An fara ganin ƙwayar da ke jinkirin mutuwa da shi a Kambodiya, yanzu an tabbatar da irinta a Ruwanda da Uganda da Eritriya da Tanzaniya. Har yanzu yana aiki, amma ba mu da wani jibge a ɗaki da zai maye gurbinsa gobe da safe.

Malama, na ji a rediyo cewa maganin palu, wato maleriya, na likita daga tazargade ake yin shi. To mi za ya hana mu dafa tamu mu sha, kamar yadda muka iske iyayenmu na yi da ita da ganyen bedi? Daga wani dattijo, Maradi.

Baba, ina gaisuwa. Rediyon bai yi ƙarya ba, rabi dai ya faɗa. Tsiron ɗan uwan tazargade ne, Sinawa sun daɗe suna magani da shi. A 1967, lokacin yaƙin Biyetnam, zazzaɓi na kwantar da sojoji, sai gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na asiri don neman magani. Cikin masu aikin akwai wata mata, Tu Youyou. Ta yi ta gwada tsiron, yau ya yi aiki gobe ya ƙi, har ta ci karo da wani tsohon rubutun magani mai shekara sama da 1,600 da ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha. Nan ta gane zafin dahuwa ne ke ɓata sinadarin. Ta canza hanya, ta tace shi ba da wuta mai ƙarfi ba, a farkon shekarun 1970 aka fitar da shi tsantsa. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel.

Ka ga ke nan tukunyar da kake shirin ɗorawa ita ce matsalar da matar nan ta fara warwarewa. Ga shi kuma ganye ba shi da mudu: na wannan gona ya fi na waccan ƙarfi, na bana ya bambanta da na bara. Abin da kan faru, a sha ya kwantar da zafin jiki, ya kashe wasu ƙwayoyin ya bar wasu, waɗanda suka tsira su dawo sun ƙara taurin kai. Don haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyi bayan shan ganyen a madadin magani ba. Sirace da bedi, wanda mu nan muke ce wa darbejiya, in yana sa ka ji daɗin jikinka ban hana ka ba. Amma jika mai zazzaɓi a kai shi likita, kada a tsaya jiran ganye ya nuna.

Anti, an raba mana gidan sauro, amma da idona na ga sauro ya sauka a kai yana hutawa bai mutu ba. Kuma daren farko fuskata ta yi ta raɗaɗi. Anya ba na bogi ba ne? Daga wata amarya, Gombe.

Amarya, raɗaɗin nan don ba ki shanya shi ba ne. Sabon gidan sauro ana baza shi a inuwa kwana guda kafin a ɗaura, ba a rana ba. Batun sauron da ya ƙi mutuwa kuwa, idonki ya gane miki gaskiya. Shekara da shekaru sinadari iri ɗaya ake sa wa gidajen sauro, dangin wanda manoma ke fesa wa amfanin gona, har sauro a wurare da dama ya saba da shi. Shi ya sa a 2023 aka amince da sababbin gidajen sauro masu haɗin sinadari biyu, kuma su ake ƙara rabawa yanzu. Ko da sinadarin ya yi sanyi, ragar na nan tsakaninki da shi, in dai kin cusa gefen ƙarƙashin katifa kin ɗinke huda. Masanan da suka yi lissafin raguwar zazzaɓi a Afirka daga 2000 zuwa 2015 sun ce kusan kashi biyu cikin uku na wannan nasara gidan sauro ne ya kawo ta. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an kewaye lambun tumatir da shi, ko yara sun mai da shi ragar gola.

Ba kowane sauro ne mai laifi ba. Wanda ke miki kiɗa a kunne, yawanci ɗan kwatami ne, ya fi damu da hana barci. Mai kawo zazzaɓin mace ce, ba ta da yawan surutu, in ta sauka sai ta ɗaga bayanta sama, kuma daga faɗuwar rana zuwa asuba take aiki. Ita ba ta son ƙazamin ruwa sosai. Ta fi son ɗan ruwan sama da ya kwanta a sawun shanu, da ramin da aka haƙa don bulo, da gefen fadama. Tunda daga Gombe kike, ki ƙara da wannan: a jiharku aka fara ganin wani baƙon sauro ɗan Asiya a Najeriya, a 2020, bayan ya ɓulla a Jibuti a 2012 ya bi ta Habasha da Sudan. Shi ɗan birni ne, a tankin ruwa da duro yake ƙwai, rani da damina. Ki rufe abin ajiyar ruwanki. Fiya-fiya kuma, don Allah, kada ki yayyafa a ɗakin da za a kwana, na ga yaran da ta kawo mana.

'Yata, duk damina sai ga 'yan mata da jaka suna bin gida-gida suna ba jikokina magani alhali lafiyarsu lau. Ni a sanina mara lafiya ake ba magani. Daga wata kaka, Daura.

Inna, ki bar su su shigo, ki ba su ruwa ma su sha. Wannan shiri an yi shi ne musamman don ƙasashe irin namu na bakin Sahara, inda zazzaɓi ke taruwa cikin wata huɗu ko biyar. An amince da shi a 2012, kuma a 2023 yara wajen miliyan 53 aka ba a ƙasashen Afirka, fiye da rabinsu a Najeriya. Ana ba yaro daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, sau ɗaya a wata, kwana uku a jere, don maganin ya zauna a jini ya tari ƙwayar kafin ta yi ƙarfi. Na ranar farko a gabansu ake sha. Na rana ta biyu da ta uku hannun uwa ake bar wa, kuma nan ne aikin ke lalacewa, don yana da ɗan ɗaci sai a tausaya wa yaro a ajiye. In ya amayar nan take, a faɗa musu su sake ba shi. In kuma ranar yana zazzaɓi, ba wannan za a ba shi ba, asibiti za su tura ku.

Bari in ba ki labarin abin da muke gudu. Wata asuba ina bakin aiki aka shigo da wani yaro ɗan shekara biyu a kafaɗar kawunsa. Kwana uku yana zazzaɓi. Daren na uku ya fara jijjiga, aka ce iska ce, aka yi hayaki, aka cusa masa cokali a baki har haƙori ya fita. Na buɗe tafin hannunsa na ga fari fat kamar takarda, ƙwayar ta cinye jinin. Muka sa masa allurar artesunate ta jijiya, maganin maleriya mai tsanani, kawun ya ba da jini, Allah ya yi da sauran kwana. Abin da ban manta ba shi ne uwar, yarinya ƙarama, tana faɗa min a hankali cewa tun ranar farko ta so a zo, amma maigidan ya yi tafiya kuma ba wanda zai ba ta izini. Ku kakanni ku ne masu wannan izinin in maza ba sa nan. Yaro ya ƙi nono ko ruwa, yana amai ba tsayawa, yana jijjiga, barci ya yi masa nauyi ba ya tasuwa, numfashi na fita da ƙyar, ko fitsari ya yi baƙi: ko tsakar dare ne a fita da shi. Mai jijjiga kuma a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa komai a baki.

Malama, na karanta cewa Masar ta rabu da maleriya. Me ya hana mu? Daga wani ɗalibi, Dutse.

Ɗana, gaskiya ne. An ba Masar shaidar rabuwa da ita a Oktoban 2024, Kef Bad a Janairun shekarar, Aljeriya a 2019, Sin kuma a 2021, ƙasar da a shekarun 1940 ake samun masu kamuwa miliyan 30 a shekara. Mu kuwa, a ƙididdigar 2023, mutum miliyan 263 suka kamu a duniya, wajen 597,000 suka rasu, kuma kusan ɗaya cikin uku na mamatan a Najeriya suke. Nijar ma na cikin ƙasashe huɗu da suka kwashi fiye da rabin mace-macen.

Wani ɓangare na amsarka na nan jiharka. Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi wani babban gwaji a Garki, wadda lokacin tana cikin jihar Kano. Aka yi ta feshin ɗakuna a ƙauyuka sama da ɗari, a wasu ƙauyukan aka haɗa da raba wa kowa magani, har damina biyu. Ƙwayar ta ragu ƙwarai a jinin mutane, mutuwar jarirai ta ragu, amma yaɗuwar ba ta yanke ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya kwana a bangon ɗaki, in ya ci ya ƙoshi waje yake fita. Da aka daina, zazzaɓi ya koma gidan jiya. Har yau masana na komawa ga alƙaluman Garki. Sauronmu ya fi na Masar son jinin mutum da yawan cizo, ga ɗumi ga ruwa, don haka abin da ya isa a can ba zai isa a nan ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: sai an haɗa raga da maganin damina da allura da gwaji, kuma a ɗore.

Ɗorewar ce ke cin kuɗi. A 2023 dala biliyan 4 aka samu don wannan yaƙi a duk duniya, alhali ana neman biliyan 8.3. Kaso mai yawa daga waje yake zuwa, daga asusun duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da maleriya da aka kafa a 2002, da shirin shugaban Amurka na yaƙi da maleriya na 2005, kuma a 2025 kowa ya ga yadda Amurka ta tsuke bakin aljihu. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, a Abuja shugabannin Afirka suka taru ranar 25 ga Afrilun 2000 suka yi alkawarin rage wannan cuta, ranar da yanzu duniya ke tunawa duk shekara. A Abujar dai suka dawo a 2001 suka ce za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi. Tunda kai ɗalibi ne, na ba ka aikin gida: nemo kasafin bana ka duba nawa aka ba ta, ka rubuto min.

Anti, cikina wata huɗu. An hana ni cin sabuwar masara, wai tana ta da zazzaɓi. Ga shi ita nake kwaɗayi. Daga wata mai juna biyu, Funtuwa.

Ƙanwata, masara ba ta da laifi, lokaci ne ya haɗa su: tana nuna daidai sanda sauro ya fi yawa. Abin da nake so ki yi shi ne ki fara zuwa awo in ba ki fara ba, don mai ciki, musamman na fari, zazzaɓi na iya shanye mata jini ya kuma rage nauyin jariri ko da ba ta jin komai. Za a ba ki Fansidar ƙwaya uku ki haɗiye a gaban malamar, sau ɗaya a wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Masarar kuma ki sa a gasa miki biyu, ki ci ɗaya a madadina.